Taguwar Inna Dudu da Batirinmu

Ni ba mutumin tafiya ba ne, kowa a Gidan Sori ya sani. Ko kasuwar Cadakori na je, kafin la'asar hankalina ya riga ni komawa gida. Amma a ranin da ya biyo bayan samun ƴancin kanmu sai ga ni a cikin motar daji, an baro Damagaram ana nausawa gabas, ina rungume da tukwanen anasara don kada su fashe, ina kallon itatuwa suna gajarcewa.

Gona ce ta fitar da ni. Daminar da ta wuce kurkunu ya kwantar da ni tun daga shuka har girbi. Yaya Rabo, ɗan baffana, ya karɓi aron gonar da mahaifina ya bar mini, ya noma. Mu kuwa muka cinye abin da ke rumbu, har irin shuka. Ana cikin haka magana ta cika gari, wai yanzu da ƙasa ta dawo hannunmu, gona ta mai nomanta ce. Yaya Rabo ba mugu ba ne. Ɗiya gare shi da yawa, tasa gonar kuma ta gaji. Da muka zauna gaban mai gari, tsohon ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce shi ba zai raba zumunci da bakinsa ba, ruwan fari na bana zai raba: wanda irinsa ya fara shiga ƙasar nan, shi ke da ita. Ni kuwa ba ni da ko cikin tafin hannu. Shi ya sa da na ji wani anasara mai binciken rijiyoyi yana neman kuku zuwa ƙasar Cadi, a dawo kafin bazara ta ƙare, na ce na iya dahuwa. Abin da na iya bai wuce wanda Habsu matata ta nuna mini a gaggauce ba.

Mu uku ne. Akwai anasaran, wanda muka sa wa Mai Guduma don ba ya wuce dutse bai ƙwanƙwasa shi ba. A gabansa kuwa Mushe muke ce masa. Akwai direbansa Bukar, Babarbare da ya girma a gareji a Maraɗi, baki gare shi kamar reza amma cikinsa fari. Sai ni. Motar tana jan wani ɗaki mai taya a bayanta, a ciki akwai gadon Mushe da fitila da wayar iska, wadda yake magana da buronsu, wato ofishinsu, da ita in bukata ta taso.

Zangon farko bayan Damagaram, Bukar ya ɗanɗana miyata, ya ajiye cokali.

"Nomau, taso in nuna maka aikinka na gaske. Wannan dahuwa taka sai dai mu yi haƙuri."

Ya nuna mini baƙaƙen akwatuna biyu masu nauyi, ɗaya a gaban mota, ɗaya a ƙarƙashin gadon Mushe. Ya ce sunansu batir. Na gaba shi ke tada inji. Na ɗaki shi ke ba fitila da wayar iska wuta. Duka biyun wani ƙarfe ke cika su mai suna dinamo, shi kuma ba ya ba da komai sai inji na juya shi. Tsakanin kujeru akwai wani ɗan hannu na tagulla da yake kira wuƙa.

"In mota ta tashi, ka kwantar da wuƙa, su ci tare. In na kashe, ka ɗaga ta, kowa ya kwana ɗakinsa. Ka manta sau ɗaya, fitilar Mushe ta tsotse su duka, mu wayi gari muna kallon juna."

"Wato rumbun ci da rumbun iri," na ce.

"Kira su abin da ka ga dama, Bagobiri. Kada dai ka manta."

Ban taɓa mantawa ba. Har na saba da kukan dinamo, wani siririn zuuu a ƙarƙashin rugugin inji, wanda yake yin kauri kaɗan da zarar na kwantar da wuƙa, kamar jaki in an aza masa kaya.

A bayan Gigimi muka isa iyaka. Wata ƴar rumfa ce da sabuwar tuta, ko ƙura ba ta sha ba. Jandarman da ke wurin ya tambaye ni, ta bakin Bukar, ni ɗan wace ƙasa ne. Na ce Gidan Sori. Ya sake tambaya. Na ce to, Gobir. Bukar ya taka mini ƙafa, ya ce, "Ka ce Nijar, sakarai, an canja tun da damina." Jandarman ya yi ta dariya har ya ba mu dabino. Ya ce shi ma kakarsa har yanzu ba ta yarda tana cikin Cadi ba.

Daga nan ban sake jin Hausa a bakin kowa ba sai Bukar, da ɗan abin da Mushe ke tsinta yana karyawa. Muka yi ta zagaya rijiyoyin arewacin tafkin Cadi, yau nan gobe can. Mushe ya zura igiya ya auna, ya ɗebi ruwa a kwalba, ya ƙwanƙwasa duwatsunsa. Rairayi fari, ba kuka, ba gawo, ba hayaƙin tuwo da yamma. Kifin gwangwani ya fita raina har yau. Abin da na fi kewa, kada ka yi dariya, ƙarar daka ce. A gida tun asuba tabarya ke tada mutum, ka san wannan ta gidan wane ce, waccan ta Habsu ce don tana ɗan tafa hannu tsakanin bugu. A can gari yakan waye shiru, sai iska.

Mun baro garin Mawo ke nan muka tarar da wata babbar mota ta fataken dabino ta mutu a hanya. Mushe ya ɗauki gudumarsa ya nufi wani tudu, ya ce mu taimake su in za mu iya. Shugabansu wani dattijo ne mai farin rawani da dogon carbi, ya iya Hausar kasuwa. Da na ji ya ce "Sannunku da zuwa, ƴan'uwa," saura kaɗan in rungume shi. Ya ce batirinsu ne ya gaza, in za mu ara musu namu su tada inji, yanzu za su maido. Bukar ya ciro na ɗaki ya ba su. Suka shimfiɗa mana tabarma a inuwa ta ɗaya gefen motar, aka dafa mana shayi, dattijon yana tambayata labarin Katsina da Maraɗi, ni kuwa bakina ya samu abin da ya daɗe yana nema. Injinsu ya tashi. Yaransa suka ɗauko batir da kansu, sun goge shi tas, suka mai da shi ƙarƙashin gadon, har da ɗaure wayoyi. Muka yi musafaha, aka shafa fatiha.

To ka san halinmu. In maƙwabci ya maido maka da gatarin da ya ara, ba ka juya shi ka duba bakinsa, ko a gabansa ko bayan ya fita. Ka ce madalla, ka jingine. Dubawa zagi ne. Ni haka na tashi, Bukar ma haka, duk da zaman garejinsa. Ba wanda ya ɗaga katifa. Da yamma fitilar Mushe ta yi ja-ja, muka ce ƙwanta ne ya tsufa.

Ba mu daɗe ba bayan wannan, muna hango wata rijiya da ƴan bukkoki, inji ya yi wata ƙara kamar an jefa tabarya cikin turmin ƙarfe, ya mutu. Bukar ya yi ta murɗa makulli, yana buɗewa yana rufewa, har batirin gaba ya fara nishi. Na ce, "Maigida, ka bar masa sauran numfashi." Ya ce, "Ai muna da na ɗaki, cike yake." Ya ci gaba har ya yi tsit. Da ya kwance cikin injin, ya fito da wani guntun ƙarfe a karye, ya ce wannan ba gyaran daji ba ne, sai a kira. Mushe ya shiga ɗaki ya kunna wayar iska. Ko tari ba ta yi ba. Aka ɗaga katifa. Baƙin akwati ne kamar namu, amma tsoho ne, gefensa a kumbure, an toshe tsagarsa da kwalta.

Bukar ya zauna a rairayi ya riƙe kai. "Da carbinsa," yake ta cewa. "Da carbinsa, Nomau."

Mushe bai yi faɗa ba. Ya ce ga ruwa, ga abinci, in damina ta kankama buronsu ba su gan shi ba za su aiko. Shi a wurinsa jira ne kawai. Bukar ma albashinsa na tafiya. Ni kaɗai na ji ƙasa ta juya da ni. Bazara ta shigo, zafin ya canja, iskar da ke zuwa daga gabas ta fara rikicewa. Na san a gida an gama sassabe, an ƙone kara, kowa ya gyara sunguminsa ya jingine a bakin ƙofa. Na tambaya ko za a samu raƙuma a kai mu gari. Aka ce mazan wurin sun tafi da duk masu ƙarfin tafiya, ba a bar komai ba sai mata da tsofaffi da taguwa guda mai jan ruwa.

Bukar bai zauna ba. Ya ce batirin gaba lafiyarsa lau, yunwa ce kawai, in aka ciyar da shi zai iya ɗaukar wayar iska. Ya kwance dinamo, ya ɗaure shi a kan katako. Ya ɗaga ƙafar ɗakin nan da kirik, ƙarfen ɗaga mota, har tayar ta bar ƙasa, ya matso da dinamo har ɗan kansa ya manne da robar taya. In ka juya taya, dinamo ya juya. Dabarar ta yi kyau a ido. Muka yi ta juyawa da hannu, ni da shi da Mushe, muna karɓa-karɓa, har tafin hannuwanmu suka saɓule. Ina kasa kunne, dinamo ya fara ɗan gurnani, kafin ya kai ga wannan siririn kukan da na sani, hannu ya gaji. Yini guda, banza.

Washegari ina juyawa ina zagin tayar, da uwarta da ubanta, da Gobiranci tsantsa, sai na ji murya a bayana.

"Kai, Kaɗo! Wa ya koya maka zagi a gaban manya?"

Na waiwaya. Wata tsohuwar Bafillata ce, doguwa, siririya, da ƙwarya a kai. Hausarta irin ta Fulanin wajenmu ce sak, mai ɗan lanƙwasa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, daga ina?"

Sunanta Dudu. A rugar da ke bayan Sae Sabuwa aka haife ta. Tun tana da ƙuruciya suka kama hanyar Makka a ƙasa ita da mijinta, ya rasu a nan, mutanen rijiyar suka riƙe ta, ta sake aure, ta haifa, ta yi jikoki. Tun zuwanmu tana jin mu daga nesa, tana tsoron matsowa kada ya zama kunnenta ne ke yi mata wasa. Taguwar jan ruwan nan tata ce.

Ta dubi Bukar sama da ƙasa. "Wannan mai tsagen fa? Babarbare ne ko?"

"Ubangidanki ne, Bafillata," in ji Bukar. Ka san wasan da ke tsakaninsu. "Kawo nonon nan in sha, bayi ba sa sha kafin iyayengiji."

"Ji bawan da na saya da ɗan akuya! Ashe har yanzu ba ku yi wayo ba. Allah ya halicci raƙumi, ku kuna jan abu da hannu kamar birai?"

Ta ajiye mana ƙwaryar nono ta tafi. Bukar ya buɗe baki zai rama, sai ya tsaya da bakin a buɗe yana kallon rijiya. A can taguwar tana tafiya a hankali, tana jan igiya, ƴar gargarar katako da igiyar ke bi a bakin rijiya kuwa tana juyawa da gudu har tana kuka. Ya kira Mushe. Mushe ya duba, ya durƙusa ya yi ƴan zane-zane a rairayi da yatsa, ya auna taya da taƙi, ya auna kan dinamo, sannan ya ce da Hausarsa, "Ya yi. Itace ƙarami a ciki, igiya a kai. Ya yi sosai."

Inna Dudu ba ta ba da taguwarta haka kawai ba. Ta ce dabbar nan ita ke shayar da garke duka, in ta ja mana da rana ba za ta iya jan ruwa da safe ba. Sharaɗinta biyu ne. Da safe mu uku mu kama igiyar guga mu ja a madadin taguwa har awaki su ƙoshi. Da la'asar kuma ni in zauna in ba ta labarin gida.

"Na biyun ai kyauta kika yi masa," in ji Bukar. "Mu ne za mu biya ki ki ɗauke mana shi."

Aka samo guntun kututture aka ɗaure shi a tsakiyar taya da wayoyi da ƙusoshi, aka naɗe igiyar rijiya a kansa. Bukar ya ciro wuƙar nan ta tagulla daga mota ya haɗa ta tsakanin dinamo da batir. Ya ce in taya na gudu sosai wuta za ta shiga batir, amma in ta rage gudu wuƙa na kwance, wutar za ta juyo baya, dinamo ya cinye abin da ya bayar. Dole a kwantar a kan lokaci, a ɗaga a kan lokaci.

"Nomau, kai da kunnen zomo, wannan naka ne."

Gwajin farko, Bukar ya ce shi direba ne, shi zai ja taguwa. Tana jin ƙarar dinamo a bayanta ta zabura, ta fizge ɗakin daga kan kirik, tukwanena suka watse, Bukar ya bi ta yana ihu da Barbarci, rawaninsa a ƙasa. Matan rijiya suka yi ta dariya har da faɗuwa. Inna Dudu ta share hawaye ta ce, "Bawana, koma ka tuƙa ƙarfe, shi ba ya da hankalin da zai raina ka."

Ita ta karɓi akala. Ta ɗora hannu a wuyan taguwar tana yi mata irin kiran da ake yi mata a bakin rijiya, suka taka tare. Taya ta ɗauki gudu. Na rufe ido. Gurnani, gurnani, sai ga shi, zuuu, siriri, kamar na gamu da ɗan garinmu. Na kwantar da wuƙa, kukan ya yi kauri. Bukar ya daka tsalle. Amma kafin igiyar ta ƙare, taguwar ta tsaya cak ta juyo da kanta. Na ɗaga wuƙa da sauri. Muka yi, muka yi, ta ƙi ƙara ko taki. Inna Dudu ta ce kada mu wahalar da kanmu, iyakar zurfin rijiyarsu ke nan, tun tana ƙarama nan take juyowa, a wurinta guga ya riga ya fito. Haka muka bi ta. Ta je iyakarta, ta dawo, Mushe ya tuɓe riga yana naɗe igiya, jan fatarsa tana ƙara ja, Bukar yana danna dinamo jikin taya, ni ina kan wuƙa.

Kowane zuwa ɗan kaɗan yake zubawa, kamar cika randa da ludayi. Mushe yana da wata ƴar kwalba mai bakin roba da yake zuƙo ruwan batir da ita, a ciki akwai wani abu mai iyo. Ya nuna mini inda abin zai taso kafin a ce batir ya ƙoshi. Kullum da yamma in je in leƙa, in ga ya ɗan motsa kamar ba ya so.

La'asar kuwa ta Inna Dudu ce. Ta tambaye ni tsamiyar da masu nono ke zama ƙarƙashinta a kasuwar Cadakori, na ce tana nan, har ta ƙara inuwa. Ta tambayi mutane ɗaya bayan ɗaya. Wasu na san jikokinsu, wasu ko sunan ban taɓa ji ba. In na ce wane ya rasu, sai ta ce Allah ya jiƙansa, ta ce to wance fa? Na ba ta labarin tuta, da yadda aka yi kiɗa a Tsibiri, da kurkununa, da gonata. Na ce ko za ta bi mu in mota ta zo. Ta nuna bukkokin da haɓa. "Wa zan bar wa waɗannan? Kai dai ci gaba da magana. Faɗi sunan garuruwan nan kuma, a jere, daga Gidan Runji."

Wata rana da hantsi na ga gajimare ya taru can kudu, fari a sama, baƙi a gindi. Iska ta kawo wani ɗan sanyi. Na saki wuƙa na nufi Mushe na ce a kira yau, yanzu. Ya girgiza kai, ya nuna kwalbarsa. Bukar ya fassara mini: magana da wayar iska tana cin wuta kamar gobara, in aka fara ba a gama ba, duk wahalar nan ta tafi, sai a koma farko. Na ce musu su ba su da gona, shi ya sa. Na faɗi maganganu da ban saba faɗa ba. Na tafi bayan tudu na zauna.

Inna Dudu ce ta biyo ni, da akala a hannu. Ba ta lallashe ni ba. Ta ce, "Wancan hadarin na mutanen tafki ne, na san shi, yana riga na Gobir. Amma ba da yawa ba. Tashi. Yau ba za ta huta da azahar ba, na ba ta dusa." Daga ranar ta ƙara mana lokaci, matan rijiya kuma suka karɓe mana jan ruwan safe ba wanda ya roƙe su, don mu fara da wuri.

Safiyar da abin nan mai iyo ya kai inda ake so, muka ɗauki batir mu biyu kamar jariri muka kai shi ƙarƙashin gado. Duk mutanen rijiya suka kewaye ɗakin. Mushe ya sa abin ji a kunne, ya murɗa. Wata ƴar fitila ta kama. Ya faɗi maganarsa da Faransanci, ya saurara. Shuuu. Ya sake. Shuuu. Ina ganin fitilar tana ɗan dushewa duk lokacin da ya yi magana. Ni ina bakin ƙofa, sai na ji wani abu can ƙasan shuuu ɗin, kamar sauro a cikin tulu. Na ce, "Mushe, akwai mutum, koma baya kaɗan!" Ya murɗa baya. Sai ga murya, ƙarama amma ta mutum. Ya faɗi inda muke, ya maimaita, aka amsa. Bai kai ga sallama ba fitilar ta mutu.

Matan suka rangaɗa guɗa. Bukar ya je ya durƙusa gaban taguwar ya ce, "Ranki ya daɗe." Inna Dudu ta ce, "Yau bawana ya gane uwargijiyarsa."

Da babbar motar da buronsu suka aiko ta iso, Mushe ya sallame ni tun a nan, ya ce kada in jira gyara, in bi ta. Na je sallama da Inna Dudu. Ta ƙi fitowa daga bukka. Daga ciki ta ce, "Tafi, Kaɗo, ka cika ni da surutu. Allah ya kai ka kafin ruwa."

Hanyar komawa ban san yadda na yi ta ba. Mawo, Gigimi, Damagaram, daga wannan mota zuwa waccan, a kan buhunan gishiri, a kan fatu, idona kullum a sama. A Tasawa ƙasa busasshiya ce, na ji daɗi. A Gazawa na sauka na sayi irin hatsi wurin wata tsohuwa, na tauna ƙwaya na ji mai rai ne, na ƙulle a zane. Muna isowa Agye sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge ni. Dama da hagu mutane ne a gonaki, maza na sara, mata da yara na bin su. Wanda ke kusa da ni a mota ya ce, "Malam, lafiya kake kuka?" Na ce ƙura ce. Amma a Maraɗi ba a yi ko ɗigo ba, na sake samun numfashi. Na taka zuwa Tsibiri, na isa da magariba, ina shiga zauren wani ɗan'uwanmu sama ta buɗe.

Tun asuba na kama hanya, ƙullin iri a kai, ƙafa na nutsewa a danshi. Ban bi ta gida ba. Rana ta ɗan ɗaga na hango gawon da ke tsakiyar gonata, na kuma hango mutum a ƙarƙashinsa da sungumi. Yaya Rabo ne. Ya riga ya yi layuka, yana tafe yana sara, ya ba ni baya. Na tsaya a kan iyaka. Duk wannan tafiya, a ce da safiya guda aka riga ni.

Sai na dubi ramin da ke gabana. A buɗe yake. Na kusa da shi ma haka, layin duka haka. Babu mai bin sa da iri. Ya yi sammako ya fara sara, iyalinsa ba su iso da ƙwarya ba tukuna.

Na kwance ƙullina. Na ɗiba da yatsu uku, na jefa, na rufe da diddige. Na taka, na jefa, na rufe. Na bi layin nan har na kusa cim masa. Da ya kai ƙarshe ya juyo, ya gan ni.

Ya daɗe yana kallona, ya dubi ramukan da na rufe, ya dubi hanyar gari inda matarsa ta ɓullo can nesa da ƙwarya a kai.

"Nomau," ya ce. "Ka rame."

"Na rame, Yaya."

Ya share zufa da gefen riga. Ya ɗaga wa matarsa hannu, ya nuna mata hanyar tasu gonar, ta tsaya, ta juya. Sannan ya tofa miyau a tafinsa ya gyara riƙon sungumi.

"Rage hannu, kana zubawa da yawa. Biyo ni mu gama kafin ƙasa ta sha iska."